Ba Sanyin Bargo Ba Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yar nan, ina gaishe ki, irin gaisuwar da ban saba yi miki da baki ba. Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, kin samu gado kusa da taga yadda kike so, Ya haɗa ki da abokan ɗaki masu tsoron Allah. Na sa ta a ƙasan akwatinki, tsakanin hijaban sallarki, don na san sai kin gama jera komai za ki kai wurin. Babanki bai san na rubuta ba, ƙannenki ma haka.

Babu labarin gida a cikinta, ba ki daɗe da barin gidan ba. Kurakuraina zan gaya miki, waɗanda na yi a kan lafiyarki, don kada ki ɗauke su ki tafi da su jami'a kina tsammanin tarbiyya ce.

Shekara huɗu da wata uku ke nan da aka ciri ƙodata ta hagu aka dasa miki a mara, ɓangaren dama. Wata biyu kuma da na gama digirin nazarin ƙwayoyin cuta, wanda kika sha yi min dariya a kansa, wai uwar yara biyar tana haddar darasi a gindin murhu. Ni ba likita ba ce, ko takardar shaidata ba ta fito ba tukuna. Don haka abin da na tabbatar kawai zan rubuta. Inda ban tabbatar ba zan ce ki tambayi likitarki, kuma ki tambaye ta ɗin.

Kin san ke ce ta fari, kuma sunan surukata aka sa miki. Kunya biyu ta haɗu a kaina. An haife ki a shekarar da ake ta murnar ƙaddamar da Shari'a, ina da shekara goma sha takwas, ko a gaban ungozoma ban yarda na kalli fuskarki sosai ba. Tun daga ranar suna har yau bakina bai taɓa kiran sunanki ba. "Ke," ko "'yar nan," shi ke nan. Da aka yaye ki, kakarki Hajiya Kulu ta ɗauke ki zuwa Zango, kika shekara shida a wurinta. Nakan zo ganinki da sunan na zo gaishe ta. Ina zaune a tabarma ana ɓarar gyaɗa, ke kina zagaya rumbun gero da ƙoƙon fura a hannu, kin ɓata baki har hanci, ni kuwa ina satar kallonki ta gefen mayafi. Hajiya tana lura, sai ta ce, "Takwara, je ki kai wa baƙuwar can ruwa, tun ɗazu randa take kallo." Ruwan randar nan na Zango, mai ƙanshin turaren ƙasa, har yau ban sha kamarsa ba.

Haka muka rayu. Abin da kike so ki gaya min, Hajiya kike gaya wa. Abin da nake so ki sani, ita nake gaya wa. Bara Allah Ya karɓi abinSa, Allah Ya jiƙanta. Yanzu babu kowa a tsakaninmu, shi ya sa na ɗauki biro.

Babban kuskurena ya faru wata biyar bayan aikin, da damina. Ranar Talata da la'asar ina tankaɗe a tsakar gida, kika zo kika tsaya a bakin ƙofar kicin, idonki a ƙasa, kika ce, "Umma, kamar sanyi ne yake damuna."

An yi ruwa da safe, gari ya yi lumshi. Na tashi na ɗauko miki bargo, na dafa citta da kanumfari. Kika karɓa, kika ce kin gode, kika koma ɗaki.

Zan gaya miki gaskiyar da ban gaya wa kowa ba. Na san sanyi biyu ne a bakin mata. Akwai na iska, akwai wanda muke faɗa idan ba mu son ambaton fitsari da abin da ke kusa da shi. Na ga yadda kika sunkuyar da kai, na kuma zaɓi ma'anar da ba za ta sa in yi miki tambaya ba. Kwana uku kina cikin bargo, ina ƙara citta.

Ranar Juma'a Hajiya ta sauka daga babur da ƙullin ɗanyar gyaɗa. Tun daga zaure take ɗaga murya.

"Ina takwarata mai ƙodar aro? Au, ga ta nan an naɗe kamar alkaki. Wa ya ce miki amarya ce ke?"

Kika leƙo da kai kika ce, "Hajiya, haƙori huɗu ya rage miki, amma bakin nan bai san hutu ba."

"Huɗun sun ishe ni cin naman bikinki. Matsa in zauna."

Ta saki labule. Ko minti biyar ba a yi ba ta fito, babu dariya a fuskarta.

"Rabi, ajiye rariyar nan. Yarinyar nan in ta tsuguna fitsari kuka take yi. Kwana nawa ke nan?"

Na ce, "Cewa ta yi sanyi."

"To, sai ba ki tambaye ta wane iri ba? Ƙodar kika iya bayarwa, tambayar ce ta fi ƙarfinki?"

Na ajiye rariyar.

Saboda haka, 'yar nan, ki cire kalmar nan daga bakinki. Duk wanda za ki gaya wa, likita ne, nas ce, abokiyar ɗaki ce, ki faɗi abin da kike ji da sunansa. Fitsarina yana zafi. Ina yawan zuwa, kaɗan yake fita. Ya yi duhu, ko ya yi gauraye kamar ruwan tsari, ko warinsa ya canza, ko na ga jini. Tun yaushe, sau nawa. Wanda ya ji "sanyi" zai fassara yadda ya fi masa sauƙi, kamar yadda na yi.

A ranar nan na ƙara wani kuskuren a kan na farko. Kunya da tsoro suka haɗu, ina so in gyara abin da na ɓata kafin babanki ya dawo daga masallaci. Na yafa mayafi na tafi kemis ɗin bakin titi na ce a ba ni maganin sanyi na mata. Aka ƙirgo min kafso a leda, ko kwali babu. Na ba ki na kwana biyu. Zafin ya ɗan lafa, na yi hamdala. Ranar Lahadi kika fara amai, kika amayar har da maganin dashen da kike sha ƙarfe takwas na safe.

Kuma duk kwanakin nan ina auna zafin jikinki. Kin san ni da rubuta abu. Talatin da bakwai da ɗigo huɗu, talatin da bakwai da ɗigo shida. An ce mana in ya kai talatin da takwas mu taho, ni kuwa na riƙe lambar kamar ita kaɗai aka gaya min. Ina ta danna miki baya ina tambaya ko akwai ciwo, kina cewa babu, sai hankalina ya kwanta. Na manta ƙodar da ke aiki ba a bayanki take ba.

Litinin da sassafe muka shiga motar haya zuwa Kano, ni da ke da babanki. Kanki yana kafaɗata tun daga Daura har Kazaure. Rabon da ki jingina da ni haka tun kina jaririya, kuma Allah Ya gani, duk da tsoron da nake ciki na ji daɗin nauyinki.

Likitarki ta duba ki, ta danna ƙarƙashin tabon aikin, kika ɗan yi ƙara. Ta juyo gare ni.

"An ba ta wani magani a gida?"

Na fito da ledar. Ta juya kafson a tafin hannunta.

"Mama, yanzu in mun shuka fitsarinta a ɗakin gwaji wataƙila ba abin da zai tsiro, don wannan ya danne ƙwayar, bai kashe ta ba. Sai mu yi ta lalube." Ta rage murya don kada ki ji, amma na san kin ji. "Ƙodar nan taki ce fa. Guda ɗaya ta rage miki, ba ki da wata ta bayarwa."

Haka kuwa aka yi, gwajin farko bai nuna komai ba. Cutar ta riga ta hau daga mafitsara zuwa ƙodar, lambar da ake auna aikin ƙoda da ita a jini ta tashi. Kwana tara kika yi ana ba ki magani ta jijiya. Kullum da safe in na bi ta gaban ɗakin wankin ƙoda, inda muka yi wata goma sha huɗu muna zuwa sau biyu a mako, sai in kau da kai in ƙara sauri. A kwana na shida lambar ta fara sauka. Ba ta koma daidai inda take a da ba, ta tsaya kaɗan a sama, kuma a nan take har yau. Wannan ɗan bambancin, bargona ne da kafsona.

Ga abin da na koya daga baya, a aji da kuma wurin likitarki. Maganin da kike sha don kada jikinki ya ƙi ƙodar, garkuwar jikinki yake ragewa. Don haka cuta tana saurin kama ki, kuma jikinki ba lallai ya yi zazzaɓi mai zafi ya sanar da ke ba. Kasala kawai, ko jin sanyi-sanyi, ko tashin zuciya, ko nauyi a wurin tabon, ko raguwar fitsari, kowanne ya isa ki kira asibiti a ranar. Bututun da ya haɗa sabuwar ƙodar da mafitsara gajere ne, hanyar ƙwayar cuta ba ta da nisa. Kada ki jira ciwon baya. Kada ki jira lamba.

Kuma fitsari ake fara bayarwa kafin a haɗiyi magani. Na sa miki kwalaben gwaji guda uku a aljihun akwati, a rufe suke, kada ki buɗe sai za ki yi amfani da su. Ki wanke hannu, ki yi tsarki da ruwa zalla, ki bar na farko ya zuba, ki tari na tsakiya, ki rufe, ki kai ɗakin gwaji nan take, kada ya wuni a jaka. Can za su shuka shi, su ga wace ƙwaya ce, su ga wane magani ke kashe ta. Kwana biyu zuwa uku yake ɗauka. In likita ta ga ba za a jira ba, ita za ta zaɓi abin da za a fara da shi. Ba mai kemis ba, ba abokiyar ɗakinki da ta ce ita ma ta yi irinsa ba. Masu jiƙo da ke yawo da lasifika ranar kasuwa suna kiran maganin sanyi kowane iri, ko kyauta suka ba ki kada ki sha. Akwai magunguna, na asibiti ma, da ke sa maganin dashenki ya taru a jini ko ya ragu. Ban san su duka ba, shi ya sa nake cewa ko na ciwon kai ne ki tambaya. In kuma amai ya hana maganin takwas zama a cikinki, wannan kaɗai dalilin tafiya asibiti ne.

Akwai wani kuskuren da ya girmi ciwonki, kuma shi na fi jin tsoro, domin na koya miki shi ne da sunan alheri.

Lokacin da kika dawo daga Zango, Islamiyyar matan aure ta cika unguwarmu. Da yamma za ki ga layi ya yi fari da shuɗi da hijabai, kowa da jakar littattafai. Nakan riƙo hannunki mu tafi, wannan ne kaɗai lokacin da nake riƙe shi ba tare da an ce komai ba. Ina alfahari da cewa alwalar Azahar takan kai ni La'asar, wani lokaci har Magariba. Ke ma kika koya. Ranar da kika ce, "Umma, yau ban sake alwala ba tun Azahar," na sayo miki alawar madara. Ban tambayi kaina yadda yarinya 'yar shekara takwas ta yi hakan ba. Ruwa kika ƙi sha, fitsari kika matse.

Haka in za mu yi tafiya. Tun ana gobe tafiya nake hana ku ruwa, don kada a tsayar da direba a daji mace ta sauka maza suna kallo. Bayan dashen ma ban daina ba. Duk zuwanmu Kano ganin likita, awa biyu da wani abu a mota, da jiran layi, da dawowa, kina matse da fitsari don banɗakin asibiti bai yi miki ba, ni kuma ina ganin kamun kai ne. Ciwonki na biyu, wanda ya zo da sauƙi, bayan irin wannan tafiyar ya zo.

Da na kai maganar wurin Malama Safiya ta Islamiyya, dariya ta fara yi.

"Maman yara, wa ya ce miki ana ba da lada a kan matse mara? Ai sallah da matsin fitsari ma abin ƙi ne. Ruwan alwalar ne ya yi tsada a gidanku?"

Na ji kunya ƙwarai. Fitsarin da ya daɗe a mafitsara wuri ne da ƙwayoyin cuta ke samun lokacin hayayyafa, wanda ake zubarwa akai-akai kuwa wanke su yake yi. Ki sha ruwan da likitarki ta ƙayyade miki, ki raba shi daga safe zuwa dare, kada ki haɗa shi lokaci ɗaya. Kada ki wuce awa uku ba ki zagaya ba, ko lakca ake yi. Ki zauna kusa da ƙofa. In malami ya harare ki, ya harara. In kina mota ki ce wa direba ya tsaya, da babbar murya, in ya yi gunaguni ki bar shi da gunaguninsa. Ki sake alwala sau goma in ta kama.

Azumi kuma, shekarar farko na ga kina ɓoye kofin ruwa in maƙwabta sun shigo, na yi kamar ban gani ba, don ni ma ba na son a yi ta tambaya. Wannan ma laifina ne. A ɗakin kwanan ɗalibai za a sa miki ido fiye da haka. Kafin watan ya kama ki je wurin likitarki. In ta ce za ki iya, ta gyara miki lokutan magani, to. In ta ce a'a, ki sha ruwanki, ki tambayi malamai abin da ya hau kanki. Allah Ya san abin da ke cikin mararki, 'yan ɗakinku ba su sani ba.

Saura wanda ya fi min nauyin rubutawa. A shekarata ta biyu a jami'a aka ba mu fitsarin gwaji mu shuka a faranti. Washegari na ɗaga murfi na ga ɗige-ɗige ruwan hoda sun tsiro. Malaminmu ya ce wannan ita ce ƙwayar da ta fi kawo ciwon mafitsara, kuma gidanta hanji ne, kowa yana da ita. Daga bayan gida take tasowa ta shiga gaba, kuma ta fi samun mata don hanyar fitsarinmu gajeriya ce. Yaran ajinmu, sa'anninki, suna ta rubutu. Ni kuwa na zauna a kujera riƙe da farantin, ina tuna cewa ban taɓa nuna miki yadda ake tsarki ba. Na bar wa Hajiya, ita kuma wataƙila ta ɗauka na yi.

To ga shi. Ki fara wanke gaba, sannan baya. Hannun da ya taɓa baya kada ya dawo gaba sai an wanke shi da sabulu, ruwan ma daga gaba ya gangara baya. Butar da na saya miki, shuɗiyar, taki ce ke kaɗai, kada ki bar ta a banɗakin haɗaka, kada ki ajiye ta da ruwa ya kwana. Ki tsane jikinki. Kamfai na auduga, a shanya a rana, ba a ƙarƙashin katifa don kunyar 'yan ɗaki ba. Kada ki yi matsi ko turare a wurin, komai yabon da aka yi masa. Lokacin al'ada ki riƙa canzawa da wuri. In Allah Ya kawo miji, ki tashi ki yi fitsari bayan kwanciyar aure, kuma kafin ki yi tunanin ciki ki gaya wa likitarki, don cikin magungunanki akwai wanda sai an canza. To, na dai rubuta.

Wani lokaci in na kwanta a gefen hagu, inda aka ciri ƙodar, nakan tuna ranar da aka tura mu ɗakin aiki a gadaje biyu. Nas ta tambaye ni sunan wadda zan ba wa, don ta tabbatar da takarda. Na buɗe baki na kasa. Hajiya ce ta amsa daga bakin ƙofa, tana cewa, "Sunana ne, 'yar nan, rubuta Hauwa'u. Wannan ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba." Kowa ya yi dariya, har ke. Ni ma na yi, ina ganin abin yabo ne. Bayan wata biyar wannan shirun ya kusa mayar da ke kan injin wanki.

Hajiya ta tafi, ba mai sakin labule ya tambaye ki a madadina. Don haka duk ranar Juma'a bayan La'asar zan kira ki, kuma zan tambaye ki fitsarinki, launinsa da yawansa da ko yana zafi. Za ki ji nauyi, ni ma zan ji. Ki amsa min duk da haka. In kuma wani abu ya taso ranar Talata, kada ki jira Juma'a, ki fara kiran asibiti, sannan ki kira ni.

Allah Ya tsare ki a ɗaki da aji da hanya. Ya raba ki da cutar da ake gani da wadda sai an shuka take fitowa. Ya sa ƙodar nan ta daɗe tana yi miki aiki, ta kai ki ga digiri, ta kai ki ga ganin jikokinki suna yi miki tsiya kamar yadda kika yi wa takwararki. Ya jiƙan Hajiya, Ya haskaka kabarinta.

Ki kula min da kanki, Hauwa'u.

Na rubuta shi, na kuma faɗe shi da baki sau uku a ɗaki ni kaɗai, don ranar Juma'a kada ya maƙale. In kin ɗauki waya kin ji shi, kada ki yi dariya sosai.

Wassalam.

Ummanki,
Rabi
Daura